Ranar da Na Yanke Ɗaurin Maɗori

Har yau a ƙauyenmu da ke bakin Komadugu, in an ambace ni ba a cewa malamar makaranta. Cewa ake yi, waccan da ta yanke ɗaurin maɗori. Na ji wannan da kunnena ba sau ɗaya ba, kuma bai taɓa hana ni cin tuwo ba.

A ƙarshen shekarun casa'in ina koyar da ilimin halittu a wani kolejin da ke Diffa. Ubana mutumin Damagaram ne, sayen tattasai ya kawo shi bakin kogi, ya auri Inna, ƴar manoman wurin, ya rasu ina ƙarama. Inna ta ƙi komawa ko'ina, ta zauna a gidan yayanta, wato Kawu, tana noman fangalinta na tattasai. Ni kuma makarantar boko ta ɗauke ni, ta yi ta jana har ta dire ni a gaban allo da alli a hannu.

Makarantar tamu tana da madubin ƙara girman abu guda ɗaya, mikiroskop, wanda ya girme ni. Ba ya buƙatar lantarki. Wani ɗan madubi ne a ƙasansa, sai in kai shi bakin taga in yi ta karkata shi har ya kamo hasken rana. Tare da shi akwai akwatin katako mai ƴan gilasai, kowanne da abin da aka manna a kansa. Yawancinsu sun dushe, amma akwai ɗaya da aka rubuta wa da Faransanci cewa ƙashin mutum ne. Ɗan ɓarɓashi ne da bai kai ƙwayar gero ba, an goge shi har haske yana ratsa shi.

Ranar da na fara sa masa ido ni kaɗai, na daɗe ban ɗago ba. A littafi na san abin, na haddace shi, na ci jarrabawa da shi, amma gani ya kori ji. Da'ira ce a cikin da'ira, wata cikin wata, sun cika wurin kamar an shimfiɗa faya-fayai a tsakar gida. Kowace a tsakiyarta akwai rami, kuma ramin nan hanyar jini ce. Tsakanin zobe da zobe akwai ɗige-ɗige baƙaƙe, waɗanda su ne ɗakunan da ƙwayoyin rai suke zama tun mai ƙashin yana numfashi. Daga kowane ɗaki wasu zarurruka sirara sun fito ta ko'ina suna taɓa na maƙwabci, ta nan ne abinci yake bi daga wanda yake kusa da jini zuwa wanda yake nesa. Babu wanda aka bari shi kaɗai. Akwai ma wasu hanyoyin da suka ratsa a kaikaice suna haɗa wannan rami da wancan.

Ɗalibaina ba wannan ne ya fara damunsu ba. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Madam, ƙashin wane ne? An yi mishi salla kuwa?" Na ce ban sani ba, kuma gaskiya ban sani ba. Rabin ajin suka ƙi leƙawa. Don haka na je wurin mahauci na karɓo ƙashin ƙaurin saniya, na sa aka yanko mini ɗan siriri da zarto, na zauna ina goga shi a dutsen wasa wuƙa kwana da kwanaki har fatar yatsuna ta saluɓe. Mahaucin ya ce shi dai bai taɓa ganin macen da ta bar nama ta zaɓi ƙashi ba sai ƴar boko. Na saniya bai yi daidai da na mutum ba, amma hanyoyin suna nan, kuma wannan kowa ya leƙa.

Abin da nake nanata musu kullum shi ne, ƙashi ba busasshen itace ba ne. Wanda muke gani a bola ne ya bushe. Na jikin mai rai yana ci, yana sha, akwai masu gwaguyar tsoho a cikinsa, akwai masu gina sabo. In ya karye, jini ne yake fara cika wurin, ya daskare, ya zama guringuntsi, sannan ya zama ƙashi. Mai ɗori daidaitawa kawai yake yi, haɗawar ta jini ce da ikon Allah. Na faɗi wannan a aji har ya zama mini waƙa, ban san ni ce zan fara bukatarsa ba.

Lokacin tsinkar tattasai ne, ana cikin hutun ƙarfe goma, wani direban motar ɗaukar buhuna ya tsaya a ƙofar makaranta ya sa aka kira ni. Ya ce shekaranjiya Inna ta faɗo daga amalanken shanu, ta dafa ƙasa da hannun dama, hannun ya karye tsakanin gwiwa da wuyan hannu. "Amma an yi ɗori, ba komi, cewa suka yi kar ki tada hankalinki." Da ba su ƙara da wannan ba, wataƙila da na jira Asabar. Na san mutanenmu, ba sa aiko da kar ki tada hankalinki sai in da abin tayarwa. Na nemi izini wurin darakta, na bi motar da ta fara samuwa, muka yi ta tuƙa yashi har bayan azahar.

Na tarar da ita kwance a ƙarƙashin rumfar zana, mata sun kewaye ta, an lulluɓe hannun da gefen zane. A jikin turken rumfar an ɗaure wata kaza ja, ƙafarta ɗaya a naɗe da ƴan karare da zare. Haka maɗorin garinmu yake aikinsa. In ya ɗora mutum, sai ya karya ƙafar kaza ya ɗora ta ita ma, a ajiye ta kusa da majinyaci. Lafiyar kaza lafiyar mutum, ranar da ta taka ƙasa shi ma ya warke. Ko hannu ne ya karye ƙafar ake karyawa, tun da Allah bai ba kaza hannu ba.

Ba zan ci naman dattijon nan ba. Gadon gidansu ne, kuma na ga mutanen da ya ɗora suna gudu da ƙafafunsu. Amma yana da doka guda wadda kowa ya sani tun daga nan har Tumur: ƙullin da ya yi babu mai taɓa shi sai shi, sai bayan kwana bakwai. In wani hannu ya kwance, nasa hannun ya fita daga wannan majinyaci, ya fita daga gidan baki ɗaya. Ranar kuma ba ya nan, an zo an tafi da shi wajen Baruwa, wani masunci ya karye a cinya.

Na gaishe da Inna, ta amsa da murmushin da ban yarda da shi ba. Matar Kawu ta ce, "Alhamdu lillahi, jiya ba ta runtsa ba don zogi, amma tun da safe ciwon ya kwanta." Sauran matan suka ce alhamdu lillahi. Ni kuwa na matsa kusa da ita. Na yaye zanen.

Yatsun sun kumbura har sun manne da juna, sun yi baƙi-baƙi mai sheƙi, ba irin baƙin fatarta ba. Na taɓa, sanyi ƙalau a cikin wannan rana. Na danna farce, ya ƙi canza launi. Na mintsini ɗan yatsanta da ƙarfin da a wata rana zai jawo mini mari, ta ci gaba da kallon rufin rumfa. An jera karare kewaye da hannun, an naɗe da tsumma, an bi da igiyar kaba an tamke, igiyar ta nutse cikin nama har ba a ganinta a wasu wuraren. Ciwon bai kwanta don sauƙi ba, hannun ne ya fara daina ji.

Na ce a kira mini Kawu daga gona. Ya zo da laka a ƙafa, muka gaisa da Barbarci, harshen dangin Inna, kamar kullum. Na durƙusa na ce masa ɗaurin ya yi tsanani, jini ba ya wucewa, in aka kai kwana bakwai hannun zai ruɓe.

Bai dubi hannun ba. Kazar ya duba. Tana tsaye da ƙafa ɗaya tana tsattsagar tsabar da aka zuba mata, idonta garau.

"Ga ta nan tana cin abincinta," in ji shi. "Da da wani abu, ita za ta fara nunawa."

Duk matan suka juya suka dubi kazar, suka gyaɗa kai. Kwana biyu ke nan gidan gaba ɗaya yana jinyar kaza. Ana ba ta ruwa a kan lokaci, ana duba ƙafarta safe da yamma, an kore mata muzuru, babu wanda ya ɗaga zane ya dubi yatsun uwata, don kar a ce an yi wa maɗori shisshigi. 

Na ce, "Kawu, in ka toshe hanyar ruwan da ke zuwa fangalin ƙarshe kwana bakwai, me za ka tarar?"

"Hannu ba gona ba ne. Ƙashi ne ya karye, ƙashi kuma kamar icce yake, in ba a matse shi ba ba ya kamawa."

"Akwai hanyoyin jini a cikinsa, Kawu. Na gan su da idona."

Daga nan ya bar Barbarci ya koma Hausa, Hausarsa ta kasuwa, kuma na gane abin da yake nufi da hakan. Yana gaya mini ne cewa yau ni ƴar ubana ce, baƙuwa.

"Ke ɗiyar nan, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya ganin shi. Kakanki gidan maɗorin nan ya ɗora shi. Ni ma nan aka ɗora ni. In kika taɓa igiyar nan, gobe yarana suka karye, wa za ya zo? Ke da gilashinki?"

Tambayar tasa tana da nauyi, ban raina ta ba ko a lokacin. Tsakaninmu da asibitin Diffa tafiya ce ta rabin wuni in an sami mota, maɗori kuwa yana nan bayan masallaci. Amma yaran Kawu suna can suna tsalle da ƙafafu lafiyayyu, hannun da ke mutuwa a gabana na uwata ne. Na juya wurinta na ce, "Inna, ki ce wani abu." Ta ce, "Ki ji maganar kawunki." Ta juya fuskarta wajen zana.

Ba ta ce in yanke ba. Ba zan yi mata ƙarya ba bayan ranta, in ce ta yi mini wata alama da ido. Ita ma tana tsoron ranar da za a ce ta jawo wa gidan yayanta asara, kuma ta gwammace ta rasa hannu da ta ji wannan. Ni ce ban gwammace ba. A kan faifai kusa da ita akwai ƴar wuƙar da ake yanka kuɓewa. Na ɗauka, na dafe gwiwar hannun da nawa hannun, na zura bakin wuƙar ƙarƙashin ƙullin farko.

Matar Kawu ta yi salati. Kawu ya ce, "Na hana ki." Na ce, "Na ji, Kawu." Na yanke.

Igiyar ta yi ƙara kamar tsirkiya. Na bi sauran ƙulle-ƙullen ɗaya bayan ɗaya, na warware tsumman. Kowane kara ya bar shatinsa a fata, tsakaninsu duk bororo ne, wasu sun fashe suna wari. Na ji ƙashin ya ɗan motsa a ƙarƙashin yatsuna, motsin da har yau nake ji in na tuna. Na mayar da kararen a kan tsumma mai tsabta, na ɗaure sako-sako yadda yatsa zai iya shiga, na tallafe hannun da matashi. Babu wanda ya taimake ni, babu kuma wanda ya riƙe ni. Sun ja da baya kamar na kunna wuta.

An ɗauki lokaci ba abin da ya faru. Na zauna ina kallon yatsun ina cewa a raina na makara, na jawo wa kaina baƙin jini a banza. Ana kiran la'asar Inna ta fara nishi, sannan ta ƙwalla ƙara. Matar da aka ce ta haife ni ba a ji ko tarinta ba, ga ta tana kuka kamar yarinya, tana cewa wuta ake zuba mata a hannu. Matan suka ce shi ke nan, ta kashe uwarta. Ni kuwa ban taɓa jin sautin da ya yi mini daɗi kamar wannan kuka ba, Allah ya yafe mini. Na danna farcen babban yatsa, ya yi fari, a hankali ya dawo ja.

Washegari da hantsi maɗorin ya iso, don Kawu ya tura an gaya masa. Dattijo ne dogo, mai ƙaramar murya. Ya tsaya a bakin rumfa bai zauna ba. Ya daɗe yana kallon hannun, ya dubi bororon, ya dubi yatsun, kuma na rantse ya ga abin da na gani. Na jira ya ce wani abu a kai, ko da kalma ɗaya ce. Kawu yana ta ba shi haƙuri, yana cewa yarinta ce da boko. Dattijon ya dube ni ya ce, "Tun da ta fara, ku bar ta ta ƙarasa." Ya juya ya fita, bai ƙara taka gidan ba har ya bar duniya.

Ni na ɗauki Inna zuwa Diffa, a gaban motar tattasai, hannunta a kan cinyata, kowane rami ta cije leɓe. A asibiti aka ɗauki hoton ƙashin, aka ce ya goce. Ba a iya sa mata simintin ɗori zagaye ba saboda gyambunan da ke fatar, sai rabi, ana buɗewa ana wankewa. Malamin asibitin da ke wankin ya ce mini irin wannan hannu suna yawan ganinsa, amma yawanci sai ya riga ya zama na yankewa ake kawo shi. Na kai wannan magana ƙauye da zafinta. Suka ce ai dole ya faɗi haka, ku duka ƴan boko ne.

Wata biyu ta yi a ɗakina. Wata ranar Lahadi na aro madubin daga makaranta na ajiye shi a bakin taga, na ce ta leƙa. Da farko gashin idonta kawai take gani, tana ta tsaki. Can sai abin ya fito mata. Ta ce, "Wannan ai saƙar faifai ce." Na nuna mata ramin tsakiya na ce nan jini yake bi. Ta ce, "Nawa ma haka yake?" Na ce haka yake. Ta ɗago, ta gyara ɗaurin kallabinta da hannun hagu, ta tambaye ni ko na jiƙa wake. Iyakar abin da muka taɓa cewa ke nan a kan maganar, ni da ita.

Hannun ya haɗe, amma a karkace, kamar bakin lauje. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka ƙage, ba sa miƙewa sosai. Ta koma gonarta, tana tsinkar tattasai da yatsu uku, tana daka, tana tuƙa tuwo, tana ɗaukar jikoki. Kazar kuwa ta warke sarai, ƙafarta ta miƙe kamar ba a taɓa karya ta ba. Kawu ya hana a yanka ta. Shekara biyu tana yawo a tsakar gida, duk baƙon da ya zo sai an nuna masa ita, sannan a nuna masa hannun Inna, a bar shi ya yi wa kansa hisabi. Ko da salla ta zo aka rasa abin yankawa, ita dai ba a taɓa ta ba. Ban taɓa ƙin wata halitta kamar yadda na ƙi kazar nan ba.

Kawu ya yi shekara ba ya cin abin da na dafa in na zo hutu. Da ɗansa ya faɗo daga kan jaki ya karye a kafaɗa, sai da suka kai shi wani gari can wajen Bosso, kuma duk wahalar hanyar a kaina aka ɗora ta. Ban musa ba. Karkatar hannun ma ban taɓa cewa ba ni da hannu a ciki ba, mai yiwuwa lokacin da na yanke igiyar ne ƙashin ya goce, mai yiwuwa a mota ne. An sha ce mini in je in ba dattijon haƙuri ko don zaman lafiya. Na ce zan gaishe shi a hanya, zan durƙusa masa kamar kowane babba, amma ba zan ce na yi kuskure ba, don ban yi ba. Mai haƙuri yakan dafa dutse, in ji su. Na ce su dafa, ni ba na jin yunwa.

Inna ta rasu bayan shekara tara, zazzaɓi na kwana uku, a ɗakinta. Ni da matar Kawu, wadda nake kira Gwaggo, muka shiga yi mata wanka, ita tana zuba ruwa, ni ina cuɗawa. Da muka zo hannun dama ta yi ƙoƙarin miƙar da shi a gefen jiki, ya ƙi kwanciya daidai. Ta sake gwadawa, ya sake komawa yadda yake. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce a hankali, ba tare da ta dube ni ba, "Ga aikinki nan, har kabari."

Na karɓi hannun daga wurinta na ɗora a tafina. Duk ya yi kanta don aikin gona, ga tabon kararen nan bai ɓace ba, ƙarƙashin farce har da jan tattasai. Na kama babban yatsa na wanke shi a hankali.

Na ce, "Aikina ne, Gwaggo. Zuba ruwa, saura huɗu."